Yadda Ake Gano Shimfiɗun Kiristal Daga Tuddan Zanen Eksire na Gari

Na'urar da ke haska garin abu (wato samfurin da aka niƙa ya zama gari) da eksire ba ta san wani abu wai shi (111) ko (220) ba. Abu biyu kaɗai take aunawa: kusurwar da haske ya fito, da yawan hasken da ya fito a wannan kusurwa. Daga nan sai ta zana layi wanda ke kwance a mafi yawan wurare, da tuddai masu tsini nan da can. Lambobi ukun nan da ake gani a saman kowane tudu a rahotannin bincike, mutum ne ke ɗora su, ko dai da lissafi ko da kwafe daga takardar wani. Kwafen ya fi sauƙi, shi ya sa ya yi yawa, kuma shi ya sa ake cin karo da zane mai lambobin da ba za su taɓa yiwuwa a irin wannan kiristal ɗin ba. Lissafin kuwa bai fi ƙarfin kalkuleta ba, matuƙar kiristal ɗin mai siffar kiyub ne, wato akwati mai gefuna duka daidai da kusurwoyi a miƙe.

Me tudu yake nufi

A cikin kiristal, atam suna jere ne a tsari guda da ke maimaita kansa ta kowace fuska. Ƙaramin yankin da ake maimaitawa shi za mu kira akwatin asali, gefunansa uku kuma a, b da c. Ana iya ratsa wannan tsari da shimfiɗu masu bin juna, kamar takardun da aka jera ɗaya bisa ɗaya, kuma akwai hanyoyi da yawa na yin haka: a miƙe, a karkace, ta kusurwa zuwa kusurwa. Kowace hanya tana ba da dangi guda na shimfiɗu, kowane dangi kuma da tazararsa, wadda ake kira d.

Ana yi wa dangi suna da lambobi uku, h, k da l, tsarin da William Hallowes Miller ya shimfiɗa a 1839. Ma'anarsu a sauƙaƙe: shimfiɗun dangin suna yanka gefen a gida h, gefen b gida k, gefen c gida l. Sifili na nufin ba sa yanka wannan gefe sam, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da shi. Don haka (100) fuskar akwatin ce, (200) kuma daidai take da ita sai dai tazararta rabi ce, (111) kuwa tana yanka gefunan uku a karkace.

Max von Laue da abokan aikinsa ne suka nuna a Munich a 1912 cewa kiristal na watsa hasken eksire a tsare. William Henry Bragg da ɗansa Lawrence suka mayar da abin lissafi mai sauƙi a 1913. Haske mai tsawon zango λ yana fitowa da ƙarfi daga dangin da tazararsa d ce kawai idan

λ = 2d sin θ

θ ita ce kusurwar da ke tsakanin hasken da shimfiɗar. A littattafai za ka ga n a gaban λ. A wajen ɗora lambobi ana shigar da ita cikin h, k, l ɗin ne: fitowa ta biyu daga (100) ita ce ake kira (200). Ka bar n a matsayin 1, ka huta.

Dabarar gari ta zo daga Peter Debye da Paul Scherrer a Jamus a 1916, da Albert Hull a Amurka a 1917. Gari tarin ƙananan kiristal ne masu ɗimbin yawa, kowanne ya fuskanci inda ya ga dama, saboda haka kowane dangi zai sami wasu ƙwayoyi da suka kwanta daidai da kusurwarsa. Tudu ɗaya, tazara ɗaya. Aikinka shi ne gano dangin da ke da wannan tazara.

Mataki na farko: kafin a kunna na'ura

Ka niƙa samfurin a turmin agat har ya yi laushi, ƙwayoyinsa su sauko kusa da maikiromita 10 ko ƙasa da haka. Gari mai tsakuwa-tsakuwa yana ba da tuddai masu tsayin ƙarya, wani ma ya ɓace. Ka cika mazubin, ka daidaita saman garin da bakinsa, kada ya yi tozo kada ya lotsa. Wannan ba kwalliya ba ce. A na'urar da tazarar samfur zuwa ma'aunin haske ta kai milimita 200, saman da ya kauce da milimita 0.1 kacal zai gusar da tuddan ƙananan kusurwoyi da kusan digiri 0.05.

Sannan ka tambayi abin da da yawa ke mantawa: da wane ƙarfe aka samar da hasken? Mafi yawan na'urori na amfani da jan ƙarfe, mai λ = 1.5406 Å (Å ɗan ƙaramin ma'aunin tsawo ne da ake auna tazarar atam da shi). Kobalt yana ba da 1.7890 Å, molibdinam 0.7093 Å. Samfur guda zai ba da tuddai a wurare daban-daban a ƙarƙashin kowannensu. Kwatanta kusurwoyin zanen da aka ɗauka da kobalt da na wanda aka ɗauka da jan ƙarfe ɓata lokaci ne. Tazarar d ake kwatantawa, domin ita ce ta kiristal ɗin, kusurwa ta na'ura ce.

Ka nemi a auna har kusurwa mai nisa, digiri 120 ko fiye idan zai yiwu. Dalilin zai fito a gaba.

Mataki na biyu: fitar da wuraren tuddai, da korar baƙi

Ka rubuta wurin kowane tudu zuwa lamba biyu bayan ɗigo. Kada ka karanta da ido daga hoton da aka buga. Ka sa manhaja ta dace da siffar tudun ta ba ka tsakiyarsa. Ka rubuta ƙananan ma, har waɗanda kake shakka, ka yi musu alama.

Ba kowane tudu ne na samfurinka ba. Jan ƙarfe ba haske ɗaya yake fitarwa ba. Akwai Kα1 mai 1.5406 Å, da Kα2 mai 1.5444 Å wanda ƙarfinsa rabin na farko ne. A ƙananan kusurwoyi suna haɗewa su zama tudu guda. A manyan kusurwoyi sai su rabu, ka ga kowane tudu da ƙaninsa a damansa. Wajen digiri 38 tazararsu kusan 0.1 ce, wajen digiri 117 ta kusa 0.46. Idan ƙanin yana dama, tsayinsa rabi, tazarar kuma na ƙaruwa yadda kusurwa ke ƙaruwa, to Kα2 ne, ka cire shi daga jerinka. Inda suka haɗe ba a raba su ba, ana amfani da matsakaicinsu, 1.5418 Å.

Akwai kuma Kβ mai 1.3922 Å. Ana tare shi da matacin nikel, amma ragowarsa kan leƙo a hagun tudu mafi tsayi. Gwajinsa mai sauƙi ne: ka ɗauki d ɗin babban tudun, ka sa 1.3922 a lissafin Bragg, ka ga ko kusurwar ta faɗa kan ɗan tudun da ke damunka. Tsohuwar kwalbar eksire kan ƙara wani layi na tangistan mai kusan 1.476 Å, shi ma haka ake kama shi. Mazubi ma na magana idan garin ya yi kaɗan: na gilashi yana ba da tozo mai faɗi tsakanin digiri 15 da 35, na alminiyam kuma yana ba da nasa tuddan a 38.5 da 44.7.

Mataki na uku: daga kusurwa zuwa sin²θ

Abin da ke rubuce a ƙasan zanen 2θ ne, ba θ ba. Ka raba biyu tukuna. Kalkuleta ta kasance a kan digiri; idan Excel kake amfani da shi, ka tuna radiyan yake karɓa, sai ka juya. Kuskuren nan biyu sun fi kowane kuskure yawa a wannan aiki, kuma ba sa ihu, lambobi kawai za su fito masu kama da gaskiya.

Ga misalin da za mu bi. Wani ƙarfe ne, an haska garinsa da Kα1 na jan ƙarfe, an sami tuddai takwas. Ga 2θ, da d daga λ/(2 sin θ), da sin²θ:

38.47 — d 2.338 — 0.1085
44.72 — d 2.025 — 0.1447
65.10 — d 1.432 — 0.2895
78.23 — d 1.221 — 0.3980
82.44 — d 1.169 — 0.4342
99.09 — d 1.012 — 0.5790
112.03 — d 0.929 — 0.6876
116.58 — d 0.905 — 0.7237

Mataki na huɗu: gwada kiyub

Kullum da kiyub ake farawa, saboda abu ɗaya ne ba a sani ba a cikinsa, wato tsawon gefe a. Tazarar kowane dangi tana bin

1/d² = (h² + k² + l²)/a²

Idan aka haɗa da lissafin Bragg, sai a sami

sin²θ = (λ²/4a²) × N, inda N = h² + k² + l²

Abin da ke cikin baka ba ya canzawa daga tudu zuwa tudu. N kuma cikakkiyar lamba ce. Ke nan duk ƙimomin sin²θ ninki ne na adadi guda ɗaya, kuma idan ka raba su da na farko dole su ba da rabon ƙananan cikakkun lambobi.

Raba kowanne da 0.1085: 1.00, 1.33, 2.67, 3.67, 4.00, 5.34, 6.34, 6.67. Ba cikakku ba ne. Ninka da 2: 2, 2.67, 5.33, har yanzu da saura. Ninka da 3: 3, 4, 8, 11, 12, 16, 19, 20. Sun zauna duka takwas, ba wanda ya kauce da abin a zo a gani. Kiristal ɗin kiyub ne.

Yanzu kowace N a nemo lambobi uku da jimillar murabba'insu ta ba da ita. 3 ita ce 1+1+1, wato (111). 4 ita ce 4+0+0, (200). 8 ita ce 4+4+0, (220). 11 ita ce 9+1+1, (311). 12 ta ba da (222), 16 ta ba da (400), 19 ta ba da (331), 20 ta ba da (420). Al'ada ce a fara da babbar lamba. A kiyub (200), (020) da (002) tazararsu ɗaya, tudu guda suke haifarwa, don haka sunan ɗaya ya wadatar.

Idan ka ninka da 1, 2, 3 har zuwa 6 ko 8 ba su zauna ba, akwai yiwuwar abu uku: kiristal ɗin ba kiyub ba ne, ko garin cakuda ne, ko tudun farko da ka raba da shi baƙo ne. Ka gwada rabawa da na biyu kafin ka yanke hukunci.

Mataki na biyar: tuddan da ba su zo ba

A nan gizo ke saƙa. Jerinmu ya fara daga 3. Ina 1 da 2? Ina 5, 6, 9, 10? Dangogin (100) da (110) suna nan a cikin kiristal ɗin, amma ba su ba da tudu ba, kuma rashin zuwansu shi ne ke faɗa maka yadda atam suka zauna a cikin akwatin.

Dalilin shi ne, idan akwai ƙarin atam a tsakiyar akwati ko a tsakiyar fuskokinsa, suna kafa wata shimfiɗa daidai rabin tazarar (100). Hasken da ya fito daga wannan ta tsakiya yana saɓawa da na sauran da rabin zango, sai su kashe juna. Daga nan aka sami ƙa'idoji. Lamba cika ita ce wadda biyu ke raba ta ba saura, sifili ma a ciki. Mara kuwa akasin haka.

Akwati mai atam a kusurwoyi kaɗai, wanda ake yi wa alamar P, ba ya hana kowa: 1, 2, 3, 4, 5, 6, 8, 9, 10. Lura babu 7. Ba wata ƙa'idar kiristal ce ta hana ta ba, lissafi ne: babu cikakkun lambobi uku da murabba'insu zai taru ya ba da 7, haka ma 15 da 23.

Akwati mai ƙarin atam a tsakiyar cikinsa, alamar I, yana barin waɗanda jimillar h + k + l cika ce: 2, 4, 6, 8, 10, 12, 14, 16, wato (110), (200), (211), (220), (310), (222), (321), (400).

Akwati mai ƙarin atam a tsakiyar kowace fuska, alamar F, yana barin waɗanda h, k, l duka mara ne ko duka cika: 3, 4, 8, 11, 12, 16, 19, 20. Wannan shi ne jerinmu daidai. A zane ana gane shi da ido: biyu kusa da juna, ɗaya shi kaɗai, biyu kusa da juna, ɗaya shi kaɗai.

Tsarin daimon, wanda silikon da jameniyam ke bi, F ne da ƙarin sharaɗi: idan duka cika ne, sai jimillarsu ta rabu da 4. Sai (200) da (222) su faɗi, a bar 3, 8, 11, 16, 19, 24. Silikon a hasken jan ƙarfe yana ba da 28.44, 47.30, 56.12, 69.13 da 76.38.

Tun daga tuddai biyun farko za ka iya hasashe. Rabon sin²θ na biyu da na farko idan 1.33 ne, F, idan 2.67 ne, daimon. Idan 2 ne, ko P ko I, kuma a nan tarkon yake. Jerin I idan aka raba shi biyu yana zama 1, 2, 3, 4, 5, 6, 7, 8. Jerin P kuwa 1, 2, 3, 4, 5, 6, 8. Tuddai shidan farko ba za su raba maka gardama ba. Na bakwai ne alƙali: idan rabonsa 7 ne, ba zai yiwu ya zama P ba, sai ka ninka duka da 2 ka kira shi I. Tangistan, mai gefe 3.165 Å, yana ba da wannan tudu na bakwai, (321), a kusan digiri 131. Wanda ya tsayar da awo a digiri 90 bai gan shi ba. Dalilin neman kusurwa mai nisa ke nan.

Baƙin ƙarfe ya fi wuya. Gefensa 2.866 Å ne, kuma da hasken jan ƙarfe sin²θ na (321) zai haura 1, abin da ba ya yiwuwa, don haka tuddai shida kawai za ka taɓa gani komai nisan awonka. A nan sai a koma ga nauyi. Nauyin abu a giram cikin kowane santimita kiyub yana daidai da 1.6605 × Z × M / V, inda Z yawan atam ne a akwati, M nauyin atam, V girman akwati a Å³. Idan ka ce P ne, gefen zai zama 2.027 Å da atam ɗaya, nauyin ya fito kusan 11.1. Idan ka ce I ne, gefe 2.866 da atam biyu, ya fito kusan 7.88, dab da nauyin baƙin ƙarfe na gaskiya, 7.87. Bayan haka ma, a cikin ƙarafa zalla poloniyam ne kaɗai aka sani da tsarin P a yanayi na yau da kullum, saboda haka duk wanda lissafinsa ya nuna masa ƙarfe mai P ya sake dubawa.

Wani tarkon yana zuwa ne idan atam iri biyu ne. Sodiyam kulorayid da potasiyam kulorayid tsarinsu ɗaya, F. A na sodiyam, (111) yana fitowa ƙarami a 27.4, (200) ya fito babba a 31.7. A na potasiyam kuwa, ayon ɗin potasiyam da na kulorin kowanne na da ilektiron 18, eksire bai iya bambanta su sosai, sai tuddan da lambobinsu duka mara ne su kusa ɓacewa. Wanda bai lura ba zai ce P ne mai gefe 3.15 Å, alhali F ne mai gefe 6.29 Å. Shi ya sa na ce a rubuta ƙananan tuddai ma. Ɗan tudun da ka raina yana iya ninka maka akwatin gaba ɗaya.

Mataki na shida: fitar da a, da juya lissafin baya

Daga kowane tudu, a = d × √N. Na farko: 2.338 × √3 = 4.050. Na ƙarshe, daga sin²θ kai tsaye: 0.7237 ÷ 20 = 0.03619, tushen murabba'insa 0.1902, sai a = 1.5406 ÷ (2 × 0.1902) = 4.049 Å. Ka yi wa duka takwas. Idan lambobin da ka ɗora daidai ne, a zai tsaya wuri guda. Wanda ya yi tsalle shi kaɗai, lambarsa ce ba daidai ba ko kuma ba ɗan gidan ba ne.

Kada ka tara su ka raba da takwas. Ba darajarsu ɗaya ba. Kuskuren digiri 0.05 a tudun 38.47 yana gusar da a da kusan 0.005 Å, kuskure iri ɗaya a tudun 116.58 kusan 0.001 Å ne kawai. Tuddan manyan kusurwoyi su ne abin dogaro.

F mai gefe 4.049 Å: atam huɗu a akwati, girma 66.4 Å³. Da nauyin atam 26.98, lissafin nauyi ya ba da 2.70. Alminiyam ne.

Saura juyawa baya, matakin da ya fi cancanta a ba shi lokaci. Ka ɗauki a ɗinka, ka lissafa 2θ na duk dangin da ƙa'idar F ta yarda da shi, ka jera kusa da abin da aka auna. Tambaya biyu: akwai wanda lissafi ya ce zai zo amma bai zo ba? Akwai wanda ya zo amma lissafi bai san da shi ba? Sannan ka dubi yadda bambancin ke tafiya, domin shi ma yana da labari. Idan duk tuddai sun gusa da adadi ɗaya, sifilin na'urar ne ya kauce. Idan gusawar ta fi yawa a ƙananan kusurwoyi tana raguwa zuwa sama, saman garin ne bai daidaita ba. Idan kuwa tana ƙaruwa zuwa manyan kusurwoyi, akwatin ne da kansa ya buɗe ko ya tsuke, misali saboda wani atam baƙo ya shiga tsarin. Mai son raba waɗannan da tabbaci yakan cakuɗa ɗan garin silikon na ma'auni a samfurin, irin wanda hukumar NIST ta Amurka ke fitarwa, ya gyara sauran tuddai da nasa.

Idan ba kiyub ba ne

Abubuwan da ba a sani ba sun ƙaru, rabo ɗaya ba zai wadatar ba. Ga tsari mai gefe biyu daidai da na uku daban, wanda ake kira tetiragonal:

1/d² = (h² + k²)/a² + l²/c²

Ga mai kusurwa shida, heksagonal:

1/d² = (4/3)(h² + hk + k²)/a² + l²/c²

Dabarar ita ce a nemo tuddan da l ɗinsu sifili ne, domin su gefen a kaɗai suka dogara da shi. A tetiragonal rabon sin²θ nasu 1, 2, 4, 5, 8 ne. A heksagonal 1, 3, 4, 7, 9. Da ka ga tuddai biyu da rabonsu 3 ne cif, ka fara zargin heksagonal.

Zinki oksayid misali ne mai kyau. Tuddansa uku na farko suna 31.77, 34.42 da 36.25, akwai wani a 56.6. Rabon sin²θ na 56.6 da na 31.77 ya ba da 3, don haka su ne (110) da (100). Daga (100), d = 2.815, a = d × 2/√3 = 3.250 Å. Ka ɗauka 34.42 shi ne (002): d = 2.603, c = 5.207 Å. Wannan zato ne, sai an gwada. Lissafa (101) da waɗannan a da c: d = 2.476, 2θ = 36.25. Ya faɗa daidai kan tudu na uku, wanda ba a yi amfani da shi wajen fitar da a ko c ba. Irin wannan shaida ake nema. A rubuce-rubucen heksagonal za ka ga lambobi huɗu, kamar (0002). Ta ukun ba sabon bayani ba ce, jimillar h da k ce da alamar ragi.

Wani lokaci kiyub ne ya ɗan miƙe ta gefe guda. Alamarsa rabuwar tuddai: (200) ya tsage biyu, (111) ya zauna yadda yake. Bariyam titanet a zafin ɗaki haka yake yi wajen digiri 45, inda (002) da (200) ke tsaye gefe da gefe.

Daga tsarin da gefunansa uku duka daban ne zuwa waɗanda suka fi shi rashin daidaito, aikin hannu ya zama azabtar da kai. Manhajoji irin su TREOR, ITO da DICVOL don haka aka rubuta su. Suna son tuddai ashirin na farko, masu daidaito kusan digiri 0.02, ba baƙo a ciki. Za su ba ka amsoshi da dama, kowace da makinta. Ma'aunin da de Wolff ya kawo a 1968, M20, shi aka fi dubawa: sama da 10, tare da tuddan da ba su sami lamba ba kada su wuce biyu, ana ɗaukarsa abin a duba da kyau. Ka yi hattara da akwati mai girman gaske. Babban akwati yana da dangogi da yawa har kowane tudu zai sami wanda ya faɗa kusa da shi, ko da amsar ƙarya ce.

Rumbun bayanai, da abin da tsayi ke iya faɗa

A aikin yau da kullum, mafi yawan samfura abubuwa ne da aka riga aka sani, don haka ana kwatanta jerin d da katunan rumbu. Hanyar ta samo asali daga Hanawalt, Rinn da Frevel na kamfanin Dow a 1938, waɗanda suka tsara abubuwa bisa tuddansu uku mafi ƙarfi. Cibiyar ICDD ce ke riƙe da babban rumbun a yau, ana biya. Akwai kuma COD na kyauta. Katin da ya dace zai ba ka h, k, l a shirye.

Sai dai manhajar bincike ba ta san abin da ka zuba a mazubi ba. Dubi wannan: baƙin ƙarfe yana ba da 44.67, 65.02 da 82.33, alminiyam yana da 44.72, 65.10 da 82.44. Tuddai uku a kusan wuri ɗaya, amma a ɗaya sunansu (110), (200), (211), a ɗayan (200), (220), (222). Abin da zai raba su shi ne 38.47 da 78.23, waɗanda alminiyam ke da su baƙin ƙarfe ba shi da su. Haka tudu guda wajen 26.6 zai iya zama (101) na kwaz ko (002) na girafayit. Kwaz na gaske sai ya zo da ɗan'uwansa a 20.86. Tudu ɗaya ba ya tabbatar da komai. Ka san sinadaran da ke cikin samfurinka, ka taƙaita binciken a kansu.

Tsayin tuddai kuwa shaida ce mai rauni. Ƙwayoyi masu siffar faranti, irin na yumɓu, maika da girafayit, suna kwanciya a kan fuskarsu idan aka danna garin, sai tuddan dangin (00l), wato masu h da k sifili, su yi tsayi fiye da kima sauran su dushe. Wurin tudu bai canza ba, don haka lambarsa ba ta canza ba. Samfur mai baƙin ƙarfe da yawa a ƙarƙashin hasken jan ƙarfe yana fitar da nasa hasken, ƙasan zanen ya ɗaga har ya haɗiye ƙananan tuddai. Kobalt ne maganin wannan.

Idan an gama da abu na farko kuma tuddai sun yi saura, ka ware su a jeri na daban ka sake farawa da su daga mataki na uku, ka tuna wani tudun na abu na biyu yana iya ɓoye a ƙarƙashin na farko. Wajen rubuta sakamako, ka faɗi λ da aka yi amfani da shi, da lambar katin idan daga rumbu ne. Inda dangi biyu suka haɗu a N ɗaya, kamar (511) da (333) a 27, ko (300) da (221) a 9, ka rubuta su duka biyun a kan tudun. Wanda ka kasa ba shi lamba, ka sa masa tauraro, ka rubuta 2θ da d ɗinsa a ƙasan zanen.